Ranar da aka sa wa SSD zarto

Ni tela ne a unguwar Maourey, kuma karatuna bai wuce firamare ba. Shekarar da ɗiyata ta fari take rubuta memuwar ɗinta, wato kundin gama jami'a, ordinater ɗinta, kwamfutar da take aiki da ita, ta yi nauyi. Sai ta kunna, ta je ta ɗora tukunya, ta dawo ba ta gama buɗewa ba. Ta ce a sa mata wani sabon diski mai suna SSD. Tana da darasi ranar, don haka na karɓi aikin. Na naɗe na'urar cikin ƙyalle, na rungume ta a taksi, ina ta tunanin kada ta faɗi, kada rana ta taɓa ta.

Mai gyaran da aka nuna mini a bayan kasuwa yana cin soyayyar fara na iske shi. Bai wanke hannu ba. Da yatsun nan masu maiƙo da yaji ya kwance murfin, ya cire tsohon diskin ya miƙo mini, sannan ya fito da sabon: ɗan siriri kamar guntun rula, bakinsa da haƙora masu ruwan zinari, da tsaga guda. A jikin allon na'urar, wanda ya kira kart mer, akwai ramin da zai shiga. Ramin yana da ɗan tudu a hagu, tsagar sabon diskin kuwa tana dama.

Ya tura, ya ƙi. Ya hura ramin har da yayyafin miyau, ya sake turawa.

Na ce, "Ɗana, anya nasa ne?"

"Baba, duk uwarsu ɗaya. In riga ta matse, mayar wa mai shadda kake yi?"

Maƙwabcinsa mai sayar da caja ya leƙo. "Kai dai ka gyara wa tsoho, kada ka maida masa ita rediyo."

Suka yi dariya. Sai ya jawo ɗan zarto daga cikin gwangwanin kusoshi, ya fara gurza bakin diskin don ya yi masa sabuwar tsaga. Garin yana zuba kan buɗaɗɗiyar na'urar, yana sharewa da gefen hannu. Na ce ya dakata in kira mai ita. Na kira, wayarta a kashe, tana aji. Kafin in ɗago kai ya danna abin ya shiga, ya jona wutar kuran.

Wani wari ya tashi kamar an bar dutsen guga a kan leda. Fitilar na'urar ta ƙyafta ta mutu.

Ya shinshina, ya sakace haƙori da farce. "Ƙaddara ce, Baba. Dama kwananta ya ƙare."

Wannan kalma ta fi maiƙon ba ni ƙyama. Da idona na ga zarton, amma ya ɗora wa Allah.

A gida ɗiyata ta buɗe ƙyallen, ta ji ƙaurin, ta dube ni.

"Abba, ina tsohon diskin?"

Na ciro shi daga aljihu na miƙa mata. Washegari wata ƙawarta ta jona shi a tata, memuwar ɗin yana nan, ba shafin da ya ɓata. Sauran babin ta ƙarasa shi da aron na'ura, tana jiran mai ita ta gama nata aikin tukuna.