Igiyar da Aka Ba Baƙo

Abubuwa da yawa sun same ni a zamana na Rano, wasu har sun fara shige mini, amma ranar da na karɓi makullin motar ɗan mai gidana ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da zan yi tsufan da zan riƙa manta inda na ajiye hulata.

Aiki ne ya kai ni garin. An yi mini canjin wuri daga cikin birnin Kano zuwa wata makarantar sakandare, na tafi ina ƙunƙuni kamar wanda aka kora. Na sami haya a gidan wani dattijo manomi, a bakin titin da ya fita zuwa Kibiya. Ya yanke mini ɗakuna da 'yar tsakar gida a gefen gidansa. Baba Alhaji nake ce masa, shi kuma Malam yake ce mini. Mutum ne mara yawan magana, sai ka gaishe shi da dogon zance ya amsa maka da “Madalla” kawai.

Ba a daɗe da zuba wa titin kwalta ba lokacin da na zo. A tsallakensa akwai makarantar allo da famfon unguwa, saboda haka yara wuni suke suna tsallakawa. Direbobi kuwa da sun fito daga cikin gari suka ga titi ya miƙe sumul, sai su taka wuta. Mutanen unguwa sun yi tudun ƙasa a kan titin, damina ta wanke. Sun jera tsofaffin tayoyi, aka ture su gefe. Sai da mota ta karya wa wata yarinya ƙafa sannan mai unguwa ya kira taro.

Abin da aka yanke, da sanin hukuma, shi ne a ɗaura doguwar igiya mai jajayen tsummoki a jikin bishiya, gaba kaɗan da makarantar, mutum ya riƙe ɗaya bakin. Duk wanda ya keto unguwar a guje, a ɗaga igiya, a karɓi makullinsa a kai wa mai unguwa. Ba tara, ba duka. Amma ba zai karɓi makullin ba sai ya zo da babbansa. A garin da kowa ya san kowa, a sa mahaifinka ya taka zuwa zauren mai unguwa saboda kai ya fi kowace tara ciwo.

Shawara ta yi kyau a baki, a aikace sai ta gagara. Mota za ta taho kamar ta tashi sama, mai riƙe da igiya ya ƙura mata ido, can sai ka ga ya kau da kai. In an tambaye shi ya ce, “Ai surukina ne.” Wani ya ce ɗan malaminsa ne, wani ya ce wan matarsa ne. Ni da ke zaune a ƙofar gida ina kallo sai in yi tsaki, in ce a raina wannan ai ragwanci ne aka sa wa sunan kunya.

A taro na gaba mai unguwa ya dube ni ya ce, “Malam, kai za mu roƙa. Kai ba ka da suruki a garin nan, ba wanda ya goya ka, ba ka jin nauyin kowa. Ka riƙe mana igiyar nan.”

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta sosa mini rai, don a fili aka gaya mini ba ni da kowa. Duk da haka na ce, “Ranka ya daɗe, na karɓa.” Aka haɗa ni da 'yan sintiri su tsaya a bayana, magana da karɓar makulli kuwa nawa ne. Kullum in na tashi daga makaranta na ci abinci, sai in fito bakin titi lokacin da yara ke komawa karatun yamma.

Ba zan ɓoye ba, aikin ya yi mini daɗi. Ina da baki, kuma na sami wurin amfani da shi. In na tsayar da direba sai in leƙa ta taga in ce, “Ina za ka da gudu haka, Kibiyar ce aka ce za ta tashi?” Fasinjoji su kwashe da dariya, shi kuma ya miƙo makulli yana harara. Direbobi suka laƙaba mini Malam Birki, har ɗalibaina suka ɗauka. Gudu ya ragu ƙwarai, ni kuma na riƙa jin kaina mutum mai gaskiya wanda ba ya kallon fuska. Ban lura cewa babu fuskar da zan kalla ba ne.

Ana nan na ɗauko matata daga Kano. Hajiya, matar Baba Alhaji, ta riƙe ta kamar 'yar cikinta. Kowace yamma kwanon tuwo yana shigowa daga gidansu, ko mun dafa ko ba mu dafa ba. Da haihuwa ta zo wa matata, ta zo da gardama. Babban ɗan Baba Alhaji, wanda ke jan motar haya tsakanin Rano da Kibiya har su Tarai, shi ya sauke fasinjojinsa ya kai mu asibiti. Da aka ce ana buƙatar jini kuma nawa bai dace ba, bai tsaya jin komai ba ya naɗe hannun riga. Allah ya ba mu 'ya mace, na sa mata sunan Hajiya. Tun daga nan ɗan Hajiyar ba ya iya faɗar sunan yarinyar, sai dai ya shigo yana cewa, “Ina Mamana?” Ya ɗauke ta, ya zauna muna tsokanar juna har a kira salla.

Ranar da abin ya faru da kaka ne, bayan la'asar. Na hango mota ta taho maƙare da buhuna da mutane, tana tsere da wata don ta riga ta ɗaukar fasinja a gaba. Wata yarinya ta shiga titi da allonta, tana jan ƙaninta da ɗaya hannun. Na ji ƙarar birki, motar ta karkace ta daki bokitin da wani ya ajiye a gefe, ta wuce yaran da ƙyar. Hannuna ya riga ya ɗaga igiya kafin idona ya gane motar.

Ɗan Baba Alhaji ne. Ya tsaya, ya leƙo yana ɗan murmushin da bai kai zuci ba. “Malam, ni ne fa.”

Jama'a sun taru. Na waiga, sai na ga 'yan sintirin nan duk sun kau da kai, ɗaya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. A nan na gane abin da na daɗe ina yi wa tsaki. Ba ragwanci ba ne, nauyi ne na gaske, na ji shi a wuyana da harshena. Jinin mutumin nan yana jikin matata. Tuwon uwarsa na ci jiya. Amma na san in na sauke igiyar nan yau, gobe ba direban da zai sake tsayawa, ga kuma yarinyar can a tsallake ta ƙanƙame ƙaninta.

Na ce, “Na san kai ne. Ba ni makullin.”

Murmushin ya ɓace. Ya rage murya ya ce, “Haba Malam, Baba za ka sa a kira gaban mai unguwa? Baba fa?”

“Wallahi ba a son raina ba. Ba ni.”

Sai ya zare makullin, bai miƙo mini ba, ya sake shi a ƙasa. Na sunkuya a gaban kowa na ɗauka. Babu barkwancin da ya zo mini ranar.

Da yamma kwanon tuwo bai shigo ba. Matata ta ce, “Da ka bari wani ya karɓa.” Na ce, “Wa?” Ta ci gaba da jijjiga yarinya. Ni kuwa har na fara tunanin inda zan nemi wani gidan haya.

Washegari Baba Alhaji ya sa babbar riga ya je zauren mai unguwa, wanda Baba Alhajin ya girme shi nesa ba kusa ba, ya zauna a tabarma ɗansa na gefe. Ganin haka ya fi komai ƙona mini rai. Mai unguwa ya fara kame-kame, Baba Alhaji ya ce, “A faɗa masa abin da ake faɗa wa kowa.” Aka yi, aka tashi, ko kallona bai yi ba.

Kwanaki suka wuce muna gaisuwar nesa. Wata yamma ina bakin titi sai ga shi da 'yar kujerarsa. Ya ajiye kusa da ni, ya zauna, ya miƙo hannu. Na ɗauka gaisawa za mu yi, ashe igiyar yake so.

Ya ce, “Malam, mun ba ka igiyar nan ne don ba ka da kowa. Yanzu kana da mu, kuma ba ka sake ta ba. To mu kuma me ya rage mana mu faɗa?”

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Ya riƙe igiyar har magariba. Da dattijan unguwa suka gan shi, kunya ta juya ta kama su ta ɗaya gefen, aka koma karɓa-karɓa. A ranar kwanon tuwo ya dawo, Hajiya ta ce wa matata, “Ki gaya masa na ji haushi, uwa ce ni. Ya wuce.”

Tsakanina da ɗan nata kuwa bai koma kamar da ba, kuma har yau abin yana damuna. Muna gaisawa da mutunci, yana kawo wa Mamansa alewa, amma tsokanar nan ta ƙare. In ya iso unguwar yana rage gudu, ba ya kallon inda nake.

Abin da na koya shi ne, gaskiyar da nake taƙama da ita a da mai arha ce, don ba ta taɓa cin mini komai ba. Mutum ba ya sanin ko yana da ita sai ranar da ta biyo ta kan wanda ya yi masa alheri. Na yi asarar aboki a bakin titin nan. Yanzu kuma 'yata, mai sunan mahaifiyarsa, ita ke tsallaka shi kowace yamma da allonta.