Ƙarfen Saman Murhu

Safiyar Asabar ce, sanyin Yuli yana yanka kunne, ina layin sayen itace a garin Huonville, inda Yuli ne tsakiyar hunturu. A gabana akwai wani dattijo dogo, ya ɗan ranƙwafa, idanunsa jajur, rigar sanyinsa tana warin hayaƙi kamar an kyafe shi a cikinta. Ya zaro guntun itace daga aljihu ya ajiye a gaban Trevor mai itacen, kamar wanda ya kawo shaida kotu.

"Ɗanye ka sayar mini. Kwana tara ke nan ina hura murhun falo, hayaƙi yana koro ni waje."

Trevor ya gwara guntun da wani, suka yi ƙara. "Baba, wannan ya fi ni bushewa. Ko wata dabba ta tare a bututun hayaƙin?"

"Da kaina na hau rufin. Ba ko gashinta."

"A shekarunka? To, ka ƙona jarida ka ɗumama bututun?"

"Har da shafin wasanni."

"Ƙarfen nan na saman murhu fa, mai buɗe wa hayaƙi hanya? Ka ja shi?"

Dattijon ya murza zoben aurensa. Ina jin sai bana ya fara hura wutar gidansa da hannunsa.

"Au, jan shi ake yi? Na ɗauka maratayi ne. Hular matata Beryl ce a kai, tun ranar da na kai ta asibiti."

Ya mayar da itacensa aljihu.

"Bar shi kawai. Zan buɗe taga."