Da Motar Tumatir Muka Je Kallon Birni

Ni mutum ne mai sauri, kuma ba laifina ba ne, laifin tumatir ne. Duk wanda ya tashi a bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure ya san tumatir ba ya jiran kowa. Ka tsinke shi da yamma, ka jera a kwando, in ka bari rana ta fito ta same shi a hanya, to wahalar banza ka sha. Tun ina saurayi haka nake shiga birni, a bayan mota, a kan kwanduna, gari bai waye ba. In sauke kaya, in yi ciniki, in sha koko a tsaye, kafin rana ta yi zafi na dawo ina sakin ruwa a fangali. Saboda haka in ana hirar birni a majalisa ni ne gwani, ba na barin kowa ya kai ƙarshen maganarsa.

Matata kuwa, wadda nake kira Innarsu tun haihuwar ɗanmu na fari, shigarta birni ba ta wuce ta asibiti da gaisuwar mutuwa ba. A ɗauke ta a ƙofar gida, a sauke ta a ƙofar wani gidan, a dawo da ita. Sauran duk a bakina ta ji, ni kuwa ba na rowar gishiri in ina ba da labari.

Sai idonta ya fara ciwo. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, daga nan tsintar shinkafa ta gagare ta, har ta koma gane jikoki da murya. Autarmu, wadda ke aure a Kumbotso, ita ta kai ta wajen likita. Ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage kuwa za a riƙa lallaɓa shi da maganin ɗigawa. Abin da ya rage ɗin kuma ba shi da yawa. Sai rana ta take sosai, abu kuma yana kusa da ita, sannan take ganinsa yadda yake.

A shekarar, Maulidi ya faɗo a tsakiyar sanyi. Wata safiya muna jin ɗumi a bakin murhu, ta ce, "Malam, ina so in hau dutsen Dala."

Na fashe da dariya. Na ce, "Ke da ko tudun kanal sai an riƙe miki hannu?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Shekara da shekaru kana ba ni labarin birni. Ina so in tsaya a sama in gan shi gaba ɗaya da idona, ko sau ɗaya ne, kafin idon nan ya ƙarasa."

Nan take na bar dariyar. Na ce za a je.

Auta ta tsara komai ta waya, kuma yanzu na yarda tsarinta na masu hankali ne. Ta ce a bari ranar Takutaha ta wuce, ranar da birni ke ɗunguma ya hau dutsen, don kada a ture Inna. Za ta zo ta kwana a wajenmu, mu fita in rana ta ɗaga, jiki ya yi ɗumi. Wuri ɗaya kawai za a je. Za ta zo da kujera mai naɗewa da filas na shayi, a yi tafiya kaɗan a huta.

Na ce, "Wuri ɗaya? An taɓa shiga birni a ga wuri ɗaya a fito? Kuma wa ke tafiya birni da hantsi in ba malalaci ba? Ke yarinya ce, ki bar wa masu abu abinsu." Ban gaya wa kowa ba na je na shirya da wani abokina mai a-kori-kura, wanda ke kai tumatir 'Yankaba kullum.

Ana idar da sallar asuba motar ta tsaya a ƙofar gida. Sanyi ake yi mai shiga ƙashi, ruwan kanal har tururi yake. Na sa aka naɗe Innarsu da suwaita da zane biyu da bargo, ina ta "ku yi sauri, ku yi sauri." Auta ta tsaya da kujera a hannu, ta dubi kwandunan, ta dube ni.

"Baba, Inna fa ba kwando ba ce."

Na ce ta shiga mota, surutu ba ya kai mutum birni. Su biyu suka zauna a gaba, ni kuwa na haye baya kamar yadda na saba. Abin da na manta shi ne, rabona da hawa bayan mota tun gemuna bai yi fari ba, 'ya'yana maza ne ke kai kaya yanzu. Kafin mu wuce Kura hancina ya daina zama nawa. Da muka isa, ƙafafuna sun mutu murus, sai da 'yan dako biyu suka sauke ni tare da kayan.

Kasuwa ta cika, ana ta haska fitilu ana ihu. Na kama hannun Innarsu na tsayar da ita, ƙirjina a buɗe.

Ta ce, "Malam, ina ne nan?"

Na ce, "Birni ke nan!"

Ta ɗaga hanci ta shaƙa. Ta ce, "Wannan ai warin tsakar gidana ne."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Matar da ba ta gani sai da rana, na kawo ta da duhu, kuma ta baro tumatir a gida ta zo kallon tumatir. Muka zauna a bencin mai shayi muna jiran gari ya waye. Tsofaffin abokaina dillalai suka yi ta zuwa gaisuwa, kuma wallahi ban san yadda aka yi ba, sai ga ni tsakiyar ciniki ina kumfar baki a kan kwandunan wani mutum da ban taɓa gani ba. Auta ce ta zo ta ja hannun rigata.

Da rana ta fito muka tari adaidaita. Na yi ta maza, na ce yanzu za su ga aiki. Gidan tarihi muka fara zuwa, muka tarar ba a buɗe ba, mai gadi na shan kunu. Na ce ba komai, a kai mu Ƙofar Mata, wajen karofi, inda ake rini. Na taɓa gani a talabijin cewa har Turawa na zuwa can ɗaukar hoto, saboda haka na san wuri ne na manya.

Muna sauka, kafin in buɗe baki in fara bayani, Innarsu ta tsaya cak. Ta ji warin baban rini, ta ji ƙarar masu bugun zane daga wata rumfa. Sai na ga kafaɗunta suna rawa a cikin bargo.

"Malam, 'yar marinin Kura ka ɗauko tun asuba ka kawo kallon karofi? Ka manta inda ka je neman aurena? Ba a bakin ramin babana ka durƙusa ba, farar rigarka ta kwashi shuni, ka koma gida kamar wanda aka tsoma?"

Auta ta juya baya tana dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na ce ai na kawo ta ne ta kwatanta. Ba wanda ya kula ni.

Daga nan muka nufi Dala, sai muka haɗu da zagayen 'yan Islamiyya ya tare hanya. Unguwa duk korayen tutoci, yara sun yi layi da sababbin kaya suna yabon Annabi, malamansu na tsare gefen titi. Raina ya ɓaci. Na leƙa ina ce wa mai adaidaita ya kutsa ta lungu, rana na tafiya. Innarsu ta dafa gwiwata.

"Ka bar shi. Su nake gani."

'Yan matan suna wucewa dab da ita, hijabansu fari da kore, rana ta haske su. Ta miƙa hannu, wata ƙarama ta kama ta gaishe ta. Har layin ya ƙare ba ta ƙifta ido ba.

Hantsi ya yi sosai muka isa gindin dutsen. Auta ta ce, "Baba, don Allah daga nan ni ce direba." Ta riƙe uwarta a hannun dama, kujera a hagu. Su taka matakala kaɗan, ta buɗe kujera, Inna ta zauna, ta kurɓi shayi, ta gaisa da duk wanda ya zo wucewa, har da tambayar mutanen gida. Sannan a naɗe kujera a ƙara gaba. Ni abin ya fi ƙarfina, jikina har ƙaiƙayi yake. Na ce, "Bari in yi gaba in kama muku wuri." Ka ji fa, wuri a kan dutse, sai ka ce rumfar kasuwa ce za a riga mu.

Na tattare babbar riga na fara hawa bibbiyu. Wasu samari suka ce, "Sannu Baba, ashe da sauranka!" Wannan magana ita ta ƙarasa ni, don ƙara wuta na yi. Ban kai rabi ba gwiwa ta ce ba da ita ba, ƙirji ya ɗauka, idona ya yi duhu. Na zube a gefen matakala. Na cire hula, na cire babbar riga, gumi na zuba a cikin wannan sanyin.

Ina nan zaune sai ga su sun iso a hankali, kujera na gaba. Na ji Innarsu tana cewa, "Wane bawan Allah ne ke haki haka kamar injin ban ruwa?"

Auta ta ce, "Baba ne."

Yarinyar ta tsorata, ta ce a fasa, a sauka da ni. Nan ne tsoro na gaske ya kama ni, ba na ƙirjin ba. Na riga na cinye wa matar nan safiyarta a kasuwa da karofi, in kuma na hana ta hawan nan, ban san ko idon zai kai wata shekarar ba. Na ce, "Ku tafi. Na rantse ba abin da zai same ni. Ku tafi kafin rana ta juya."

Suka tafi. Na bi su da kallo, tsohuwa da bargo a kafaɗa, taki kaɗan a zauna, taki kaɗan a zauna, har suka ɓace mini. Ban taɓa yin addu'a da gaske irin ta wannan zaman ba. Cewa nake, ya Allah ka nuna mata, ko da rufin kwano ne.

Sun daɗe kafin su sauko. Auta ta buɗe kujera a gabana, Innarsu ta zauna tana mayar da numfashi. Na kasa haƙuri.

"Kin gani?"

Ta ce, "Na hau dai. Auta ta ce ga babban masallaci can, ga kasuwa can. Na buɗe ido iya buɗewa. Fari kawai nake gani, Malam. Ya yi mini nisa."

Na sunkuyar da kai. Na ji kamar in yi kuka a gaban mutane.

Sai ta ce, "Matso nan. Ɗago kanka."

Na matsa, na ɗago. Rana tana tsakiyar sama, ta sauka a fuskata sosai. Ta kawo fuskarta kusa da tawa, ta yi ta kallo, daga goshi zuwa gemu, ta koma sama.

"Ikon Allah! Malam, ashe haka ka tsufa? Ina gashin ya tafi? Wannan haƙorin kuma yaushe ya fita ban sani ba?"

Na ce ya kwana biyu.

Ta ce, "To ina zan sani? Ka fita da duhu, ka dawo da duhu. Tun da idon nan ya fara ban ƙara ganin fuskarka ba, sai dai inuwa ta shigo ta ci tuwo ta kwanta. Ni a raina har yanzu kai mai baƙin gemun nan ne."

Kunya ta kama ni, na lalubo hula zan rufe sanƙon. Ta riƙe hannuna.

"Bar ta. Ban gama ba."

Auta ta koma gefe ta yi kamar tana neman wani abu a jaka. Mutane na hawa suna sauka, wasu na kallonmu. Na zauna a kan dutse, ba hula, ba babbar riga, matata tana kallona, har rana ta karkata inuwa ta rufe mu. Ban taɓa zama wuri ɗaya haka ba a rayuwata, kuma ko sau ɗaya ban ce a yi sauri ba.

Kafin sanyin shekara mai zuwa idon ya ƙarasa.

Yanzu kullum rana ta take sai in bar wa yara fangali in dawo gida. Takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida tana shan hantsi. Da ta ji takuna sai ta ce, "Mai tumatir, yau ma ka makara," sannan ta matsa ta ba ni wuri.

Jikoki kan zagaye ta su ce, "Inna, da kika hau Dala me kika gani?"

Takan ce, "Wani tsoho na gani, mai sanƙo, yana haki. Shi kaɗai na gani, amma na gan shi sosai."