Tarun Oga Gbola

Duk lokacin da wasan ya kusa ƙarewa, Oga Gbolahan yakan juya wa dandali baya, ya yi kamar yana gyara wayar lasifika. Jama'a na kallon wasa, ni kuwa ina riƙe da jakar makirufo a gefe, sai na lura babu abin da ya sami wayar.

Wasan kwaikwayo ya karanta a jami'a can kudu. Bautar ƙasa ta kawo shi Bagudo, bai koma ba. Yanzu kayan babur yake sayarwa kusa da tasha, yawancin masu sayen 'yan acaɓa ne da ke zirga-zirga zuwa iyakar Benin.

Wasa ɗaya ya rubuta a rayuwarsa. Masunci ne ke jefa taru a kan busasshiyar ƙasa, ya ja, ya duba, ya sake jefawa. Ba ya magana, ba ya kama komai, haka wasan yake ƙarewa. Oga Gbola ya ce min haka rayuwa take: babu mai gaya maka dalili, kuma gobe sai ka tashi ka jefa. Burinsa a nuna shi sau ɗaya yadda ya rubuta.

Ƙungiyar lafiya da nake wa aiki ce kaɗai ta yarda ta ɗauki nauyinsa. Shugabanmu, Alhaji Attahiru, ya kalli gwajin har ƙarshe, ya ce, "To, Oga Gbola, mi ad darasin wasan ga?"

"Babu darasi, Alhaji."

"Babu? Mu tara mutane cikin rana su kalli mahaukaci, su tashi hannu wofi? Ko tatsuniya tana da darasi."

Aka musanya tarun da gidan sauro. Aka ƙara mai farar riga da zai shigo a ƙarshe ya tsawata: gidan sauro na kwanciya ne, ba na kamun kifi ba.

Ranar kasuwar garin Lolo ce ta ƙarshe a zagayen da muke yi muna nuna wasan. Oga Gbola ya roƙi Alhaji a bar mai farar riga ya zauna, yau kaɗai. Alhaji ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa.

Mamuda, masuncin gaske daga Kurgu da ke fitowa a wasan, ya jefa gidan sauron, ya ja. An fara da dariya. Da ya ci gaba, dariyar ta mutu. Wata tsohuwa mai tallan kifi ta sauke tirenta ta tsaya cik. Na ga Oga Gbola bai juya ba, yana kallonta.

Sai Alhaji ya ɗaga hannu. Mai farar riga ya shigo da tsawarsa, aka tafa, aka yi layin karɓar gidan sauro.

Oga Gbola ya naɗe wayar lasifika, ya hau babur ya koma Bagudo. Da la'asar na wuce ta shagonsa, yana auna wa wani ɗan acaɓa baƙin mai.