Inda Gefen Titi Ke Haɗuwa

Babanmu bai iya zama ba. Ko abinci a tsaye yake ci, rabin hankalinsa na wajen tirela. Abokansa direbobi Sai-Gaba suke ce masa, mu kuwa mun fi sanin ƙarar injinsa a kan muryarsa. In ya kwana biyu a gida sai ya hau gyaran ƙofar da lafiyarta ƙalau, har Mama ta ce, "Don Allah Malam, tashi ka tafi, ka ishe mu."

Ina ƙarama na tambaye shi ina yake zuwa haka kullum. Ya ce in titi ya miƙe sambal, can gaba gefensa biyu suna tsukewa har su haɗu, wurin yake nema. In ya matsa, wurin ma ya matsa. Ga ni yau malamar lissafi, ina koya wa yara cewa layi biyu da suka jera da tazara ɗaya ba sa haɗuwa, ko za a ja su har abada.

Bara idonsa ya fara rauni. Ya gogi katangar gareji, ya rantse katangar ce ta matso. Likita ya ce tuƙi ya ƙare. Mai motar ya yi aike har ya gaji a kawo makulli, Baba ya yi kunnen uwar shegu. Ni tsorona ɗaya, kar ya kashe kansa ko ya kashe ɗan wani.

Na same shi yana kai-komo a tsakar gida, jakar tafiya a kafaɗa. Raina ya ɓaci. Na ciro alli na ja layi biyu a kan siminti, daga kicin har ƙofar gida.

"Baba, duba. Ba sa haɗuwa. Wurin da kake bi babu shi, ido ne ke yaudara. Ko shekara dubu za ka yi kana tuƙi, gaban yana nan."

"Ke kina tsammanin ban sani ba?" ya ce. "Abin da nake so da shi ke nan, ba ya ƙarewa."

Ya tsaya ya ƙura wa layukan ido, ya daɗe.

"Da can sai da nisa suke haɗuwa. Yanzu daf da hancin mota nake ganin sun haɗe. Naki ɗin nan ma, daga wajen bokitin can layi ɗaya nake gani."

Bokitin yana gefen ƙafata. Da faɗa na zo, sai ga tausayinsa ya kama ni.

Ya laluba aljihu. "Ki gaya wa wanda za a ba, birkin baya yana ɗan jinkiri."

Ya miƙo makullin, amma ɓangaren da babu kowa ya miƙa. Na matsa a hankali na karɓa, don kar ya gane.