Rediyon Yaya Mai Kunne Da Yawa

Yayana mutum ne da Allah ya yi shi da hannun gyara da kunnen gulma. A kasuwa Eriya ake ce masa, saboda tsawo da rashin nama. Shagonsa manne yake da nawa, ni ina ɗinki, shi yana gyaran rediyo. Katako ne kawai a tsakaninmu, don haka duk dalmar da ya ƙona ni na shaƙi hayaƙinta, duk ashar ɗin da ya ɗura wa sukurun da ya ɓace masa a kunnena ya sauka.

Tun muna yara haka yake. Ya taɓa wargaza rediyon Baba, Baba ya zane shi da wayar wuta har bayansa ya fashe, washegari aka kama shi yana buɗe ta maƙwabta. Da ya girma ya ci jarrabawa ya karɓi lasisin masu rediyon sha'awa, irin mutanen nan da ke kafa ƙarfe a kan rufi su wuni suna tambayar wani a wata ƙasa ko yana jin su. Ya yi aure, matar ta gaji da hira da ƙeyarsa, ta tattara kayanta. Ina jin sai da ya ji yunwa sannan ya lura.

Da oba-oba na zamani, rediyoyin hannu da ake magana da juna, suka shigo, kakarsa ta yanke saƙa. Su ba a murɗa su a kamo tasha. Sai an jona su da kwamfuta an zuba musu lambobi, kowace ƙungiya da nata zauren magana, wanda ba ya ciki ba ya jin komai. Duk kasuwar Yaya kaɗai ke da wayar jonawa. Masu gadin kasuwa suka kawo nasu, masu babur suka kawo nasu, direbobin manyan motoci ma haka. Duk wanda ya yi wa saiti, sai ya kwafi lambar zaurensa ya zuba a tasa rediyon.

Na ce, "Yaya, wannan fa leƙen asirin mutane ne."

Ya ce, "Auta, taka kekenki. Ji kawai nake yi, wa na cuta?"

Rediyon tana jin kowane zaure, amma idan ya danna maɓallin magana, wurin masu gadi muryarsa ke zuwa. Su sun gane yana cikinsu sun ƙyale shi, don mijina Dogo mai gadi ne, kuma su biyun ba sa gajiya da tsokanar juna. Sai ya ƙara wata dabara da yake taƙama da ita. Idan wani zaure ya yi magana, shi kuma ya danna kafin 'yan daƙiƙu su wuce, amsarsa can za ta tafi, wurin wanda ya yi magana a ƙarshe. Don abokansa na sha'awa ya yi haka, wai kada ya riƙa juya tasha. Ya yi min bayanin nan har sai da na haɗa shi da Allah ya bar ni.

Shugabannin kasuwa ne suka ce a ɗaura sarƙa a babbar ƙofa don a hana babura shiga, kuma Dogo aka ba aikin. Da hantsi wani mai babur ya taho a guje, rana a idonsa, sarƙar ta ɗauke shi a maƙogwaro. Ko shurawa bai yi ba.

Kafin rana ta take, 'yan uwansa sun cika kasuwa da gorori da rodi da jarkokin fetur. Suka cinna wa rumfar masu gadi wuta. A bakin layinmu suka tare wani tsohon mai gadi da ko gudu ba ya iyawa, suka yi ta dukansa har ya daina kare kansa. Mata na ihu, ana ta jan ƙofofin shaguna. Sunan mijina nake ji a bakin masu babur.

Ta lungun baya Dogo ya shigo shagon Yaya, goshinsa a tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya. Yaya ya tura shi ƙarƙashin teburin aiki, ya jawo matattun talabijin ya tare, ya yafa tamfol. Na zagayo na tsugunna na riƙe ƙafar mijina ta ƙasan tamfol ɗin.

Rediyon na kan tebur tana ta magana da bakin kowa. Masu gadi suka ce sun taru a tashar manyan motoci, sun sami mota, wa ya ga Dogo? Yaya ya kai hannu. Kafin ya ɗauka wata murya ta shigo, ta ce a duba layin maɗinka shago-shago. Jin haka ya rikita shi, ya fizgi rediyon ya danna.

"Dogo na shagona, ƙarƙashin tebur. Ku zo da motar ta baya, ku yi sauri."

Ya saki maɓallin. Sai wata murya da ba mu sani ba ta amsa a natse.

"Mun ji ka, Eriya. Ga mu nan."

Yaya ya dubi gilashin rediyon. Sunan zauren masu babur ne a rubuce. Su suka yi magana a ƙarshe, kuma na'urar ta yi abin da ya koya mata. Ya juyo ya dube ni.

Ba hanyar gudu, don ƙarar babura ta riga ta toshe layin gaba da baya. Ya ɓalle katako ɗaya ya cusa ni shagona da ƙarfi, har na gurje kafaɗa. Sannan ya ɗauki ƙarfen eriya ya tsaya a bakin ƙofarsa, mutumin da ko kaza bai taɓa yankawa ba.

Ta tsagar katako na ga komai. Na farkon da ya matso, Yaya ya fasa masa hanci. Daga nan suka rufe shi. Rodi ya sauka a hannunsa na dama, na ji ƙarar ƙashin. Ya faɗi, ya rarrafa ya sake kwantawa a bakin ƙofar. Wani ya taka masa muƙamuƙi da takalmi. Bakinsa cike da jini yana ta cewa, "Ba kowa a ciki, ƙarya na yi, wallahi ƙarya na yi." Wani ya buɗe jarka ya fara tsiyaya masa fetur a ka.

Sai na ji talabijin sun zube. Dogo ya fito daga ƙarƙashin tebur ya miƙe.

Ya ce, "Ku ƙyale shi. Ni na ɗaura sarƙar."

Suka ja shi tsakiyar layi. Na ciji hannuna don kada ihuna ya fita, har yau tabon haƙorana yana nan. Ba su daɗe ba suka gama da shi. Lokacin da motar masu gadi ta iso, ni kaɗai suka tarar a zaune a ƙasa, kan mijina a cinyata.

Yanzu Yaya a ɗakina yake kwana. Hannun dama ya mutu, muƙamuƙin ya haɗu a karkace, maganarsa ni kaɗai nake ganewa. Mutane suna ta zuwa suna ce min ƙaddara ce, in yafe masa. Na sani bai yi da gangan ba, na kuma ga abin da ya yi a bakin ƙofar nan da idona. Amma ban yafe ba, kuma ba zan yi wa kowa ƙarya in ce na yafe ba.

Kwanan baya ƙanwar babanmu ta zo ta same ni ina ba shi abinci da cokali, ina goge masa baki da ƙarfin da ya fi kima. Ta ce in ba zan iya ganinsa ba, ta tafi da shi gidanta in huta. Yaya ya sunkuyar da kai, ya fara laluben takalminsa da ƙafa.

Na ce, "Gwaggo, ki bar min shi. Wa ya rage min?"

Na sa ƙafa na ture takalmin ƙarƙashin gado, na ce masa ya buɗe baki, abincin yana hucewa.