Tarwadar Baba

Da idon Baba ya fara rauni, ya bar gyaran mota a Suame, sai ya gina tankin siminti a bayan gidanmu na Asokore Mampong, ya ce kifi zai kiwata. Mma, mahaifiyarmu, ta yi ta masa tsiya, wai mutumin da bai taɓa riƙe ko kaza ba. Bai kula ta ba. Ya cika tankin da ruwa, ya jefa kututturen ayaba ya bar su suka ruɓe, don su kashe zafin siminti, sannan ya kawo 'ya'yan tarwada a jarka, baƙi ƙirin, ko ɗan yatsa ba su kai ba.

In zai ba su abinci, da tsohuwar sifanarsa yake ƙwanƙwasa bakin tankin, ruwan ya yi ta tafasa da bakuna. Lokaci-lokaci yakan sa koma ya kwashe su, ya ware waɗanda suka yi saurin girma cikin wani baho. Ya sha gaya mana tarwada ba ta san 'yar'uwa ba, babba cinye ƙarama take yi.

Kafin su kai girman ci ya rasu.

Mma ta shiga takaba, ta kuma karɓe sifanar. Kullum bayan la'asar tana can. Na tuna mata zancen warewa, ta ce ba mai sa koma a ruwan nan, yadda ya bar su haka za su zauna, rai ne ya bar mata amana. Raina ya ɓaci, amma wa zai yi musu da mai takaba?

Sai bakunan suka riƙa raguwa. Ba gawa a saman ruwa, ba wari, raguwa kawai. Ta ƙara abinci, ta yi addu'a. Ni dai na fara tsoron ƙarar ƙarfen nan, don duk ta buga sai in waiga ko zan ga Baba.

Ranar da ta fita takaba ta kira ni bayan gida. Ta ƙwanƙwasa. Ruwan ya daɗe shiru, can wani ƙaton kan tarwada mai gashin baki ya taso a hankali, shi kaɗai.

Na ce, "Mma, sauran fa?"

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Suna cikinta. Ban rasa ko ɗaya ba koraa, sam-sam."

Ta ɗebi abinci cike da hannu, irin na da, ta watsa.